Neman Toron Wijin: Kundin Hunturun Bana

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Bismillahi. Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa lissafin kuɗi da na lokaci, kada ƙarshen hunturu ya zo uwargida ta tambaye ni ina kuɗin suka shiga in tsaya ina sosa ƙeya. Abu ɗaya nake nema: hoton toron wijin, wata agwagwar daji, wanda na ɗauka da hannuna a ƙasar nan, kafin azumi ya kama a farkon Maris.

Sana'ata hoton biki da suna, shekara tara ke nan a cikin Jos. Tsuntsu kuwa ban taɓa ɗaga kai na kalle shi da niyya ba sai bara, ranar da wani ɗalibi daga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga ya shigo shagona a wanke masa hotuna. A cikinsu akwai wata agwagwa da ta tsaya mini a rai. Kai ja kamar an jiƙa shi da ruwan goro, goshi kamar an dangwala masa man shanu, ƙirji ruwan hoda, jiki toka-toka, sai ɗan gajeren baki shuɗi-shuɗi mai baƙin tsini. Na ce masa, "Wannan fa, a wane dam ka samo ta?" Ya yi dariya, ya ce hoton wani malaminsa ne, kuma a Ingila aka ɗauka. Turawa suna ce mata wijin, masana kuma Mareca penelope. Can ƙuryar arewacin duniya take ƙwai, tun daga Aislan har Saiberiya, idan ƙanƙara ta rufe ruwa sai ta gangaro kudu. Yawancinsu a Turai da Asiya suke cin sanyi. 'Yan kaɗan ne ke tsallako Sahara, su ma a dausayoyin can arewa ake dacewa da su, wajen Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi.

Tun ranar ya gaya mini gaskiya: "Oga, a Filato kada ka sa rai." Na ji, amma kunnen ƙashi gare ni. Ruwa ya kewaye mu ta ko'ina a garin nan, zan fara da shi, ko ba komai hannuna ya saba.

Abin da ke hannu: Nikon D5300, ƙafar kyamara, batir biyu. Abin da babu: dogon gilashin kyamara mai jawo nesa da madubin hangen nesa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau na sha kunya, kuma ni na jawo wa kaina.

Shekaranjiya na sayi gilashi na hannu, 70-300, a kan N95,000. Mai shagon ya ɗaura shi a kan tasa kyamarar, D7100, ya auna allon wani shago a tsallaken titi, ya kamo rubutun tsaf. Na biya na taho ban gwada a tawa ba. Yau da asuba na isa bakin wani kududdufi a Rayfield, sanyi yana ratsa ƙashi, na saita, na taɓa maɓalli. Shiru. Na kashe na kunna, na cire na mayar. Shiru. Sai da na zauna a kan dutse na juya gilashin na karanta jikinsa sannan na gane. AF kawai aka rubuta. Irin waɗannan tsofaffin gilasan Nikon ba su da injin saiti a cikinsu, da injin da ke jikin kyamara suke aiki, D5300 kuwa ba ta da shi. Sai mai AF-S ko AF-P ke tafiya da ita. Shekara tara ina cin abinci da kyamarar nan, amma a ce wannan ya wuce ni.

Na yi ta murɗa saiti da hannu, yatsu sun ƙage. Akwai wata 'yar tsuntsuwar ruwa ƙarama mai nutso, ba ta kai kurciya biyu ba. Kafin in kamo ta ta nutse, ta ɓullo can wani wuri. Hoto 64, babu ko ɗaya da zan nuna wa mutum.

Madubin hangen nesa 8x42 na gwanjo a Taminus, N28,000. Shi kam lafiya lau.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na koma wurin mai shago. Ya ce kuɗi ya shiga ba ya fita. Bayan doguwar magana muka yi musaya da 55-300 mai AF-S, na cika N70,000. A gabansa na ɗaura a tawa kyamarar wannan karon.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Kwana biyu ina zagaya kududdufan Bukuru da Sabon Gidan Kanar. Duk wanda ya tashi a Jos ya san ramukan nan, gadon haƙar kuza ne da Turawa suka fara tun farkon ƙarnin da ya wuce, suka tafi suka bar su ruwa ya cika. Yanzu masu noman rani ne suka kewaye su da kabeji da karas da latas, injinan ban ruwa suna ta ruri tun ƙarfe shida.

Na ga balbela ba adadi, zalɓe biyu, zakaran ƙeƙuwa yana ta yi mini tsiwa, da tsuntsun nan mai zanen baƙi da fari da ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa wa kifi. Shi na samu hotonsa mai kyau, na farko da na ji daɗinsa. Agwagwa kuwa ko ɗaya, in ban da na gidan wani mai lambu.

Na tambayi wani dattijo mai ban ruwa ko agwagin daji suna sauka. Ya ce, "Me za su ci a nan? Taku biyu daga baki ka nutse." Ramukan zurfi ne da su, gefensu kuma a tsaye yake kamar bango.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Biki biyu, ɗaya a Unguwar Rogo ɗaya a Rikkos. Ban fita ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Na isa bakin ruwansu wajen shida da rabi, na kafa ƙafar kyamara a bayan wani dutse, na rufa da mayafi saboda iska. Ban yi minti ashirin ba sai na ji an ce, "Malam, kada ka motsa." Matasa huɗu, 'yan banga, biyu da gora.

"Me kake ɗauka?"

"Tsuntsaye."

Suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Tsuntsaye. Da sanyin nan. Daga cikin gari."

Gidan mai unguwa muka nufa, ni a tsakiya, kyamara a hannun babbansu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, kuma laifina ne da ban fara zuwa gaisuwa ba." Ya sa aka kunna kyamarar. Abin da ya cece ni kuma ya ba ni kunya shi ne ban goge memorin makon jiya ba. Ya danna ya ga balbela, ya danna ya ga zalɓe, ya sake dannawa sai ga amarya da ƙawayenta sun yi layi cikin anko. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To waɗannan wane irin tsuntsaye ne?" Aka fashe da dariya, har mai gorar.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Yankin ya ga tashin hankali, mutum ya laɓe bayan dutse da abu mai dogon baki, ni ma da ƙauyenmu ne sai na tambaya. Daga yau duk inda zan je sai na fara da gidan mai gari. Zan kuma wanke hotunan tsuntsaye goma in riƙa yawo da su a jaka, har da na wijin ɗin, don baki ba ya gamsar da mutane kamar ido.

Kuɗin keke na watan nan duka, N12,000.

Asabar, 7 ga Disamba

Panyam. Ƙanena ya ba ni motarsa, na zuba mai lita 15, N16,500. Na bar gida bayan sallar asuba, ta Bukuru, Mararrabar Jama'a, Barikin Ladi, Mangu. Tafkunan kiwon kifin nan shimfiɗaɗɗu ne, ba su da zurfi, akwai ciyawa da bado, kuma tun daga nesa ka san wurin daban yake da ramukan kuza.

Kirinjijiya sun kai sittin, sun miƙe wuya da fararen fuskokinsu suna kallona kamar na zo karɓar bashi. A gefensu ƙananan agwagi bakwai masu ruwan ƙasa. Ɗaya ta ware, ta juyo, na ga kamar kanta ya yi zagaye. Ƙirjina ya buga. Macen wijin ba ta da adon namijin, ruwan ƙasa ce kawai. Na kwanta rub da ciki a kan laka na ɗauki hoto 140.

A hanyar dawowa har na tsaya a Mangu na sayo wa yara rake don murna.

Litinin, 9 ga Disamba

Ba ita ba ce.

Ɗalibin ya leƙo shago da yamma, ya ja hoton ya girma a kwamfuta, bai yi minti ɗaya ba ya ce gargani ce. Ya nuna mini da bakin biro: zane mai duhu ya ratsa ta ido, fari a sama, fari a ƙasa, ga baki dogo. Macen wijin fuskarta wanke take babu zane, goshinta a tsaye, bakinta gajere. Ya ce gargani ita ce ta fi kowace agwagwar Turai yawa a Afirka ta Yamma, kuma a wannan lokacin mazansu ma ba su gama sauya gashi ba, kama suke da mata, sai wajen Fabrairu farar girar nan tasu take fitowa sosai.

Na ce, "To ai ita ma daga Turai ta zo." Ya ce, "Sosai ma, Oga. Hoton kuma ya yi kyau." Lallashi ne, na sani, amma na karɓa.

Na yanke shawara. Nguru zan je.

Lahadi, 15 ga Disamba

Makon nan kunne na horar. Na sauke kukan wijin a waya ina ta saurare. Toron ba ya kwak-kwak irin na agwagwar gida, fito yake yi, gaɓa biyu, ya hau ya sauko: wiii-yu. Macen kuma gurnani take yi can ƙasa-ƙasa. Matsalar ita ce kirinjijiya ma fito take, amma nata gaɓa uku ne a jere da sauri. A cikin dubban kirinjijiya zan nemi mai gaɓa biyu.

'Yata mai shekara shida ta riga ni iyawa. Jiya bayan isha'i ta rangaɗa shi a tsakar gida, kakarta ta fito da carbi a hannu tana salati, wai wa ke kiran aljanu da daddaren nan, kuma 'ya mace. An kafa doka: ba ni ba kunna kukan tsuntsu bayan magariba.

Da safe kuma ina gwada hannu a kan shirwa da balbela suna tashi. A wurin biki saurin ɗauka na 1/125 na daƙiƙa ya ishe ni, amarya ba ta gudu. Tsuntsu a sama sai 1/1600 zuwa sama, wanda ke nufin ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau 800 ko fiye, hoto ya fara yin yashi-yashi. Kuma gilashina mai kaiwa 300 ya yi gajere. A Panyam sai da na yanke kashi uku cikin huɗu na hoton kafin agwagwar ta cika ido.

Asabar, 28 ga Disamba

Biki bakwai cikin kwana goma sha biyu, ƙafafuna sun kumbura. Na ware N150,000 na tafiya. Wani abokin sana'a mai ɗaukar ƙwallo ya yarda ya ba ni hayar Sigma 150-600 a kan N8,000 kullum, da sharaɗin in na jefa shi a ruwa in bi shi. Nauyinsa kusan kilo biyu ne.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Jos, Bauchi, Darazo, Potiskum, Gashuwa. Na fita shida na safe, na sauka ana kiran magariba. Jakar gilashi a kan cinyata tun daga tasha, ban yarda an sa ta a but ba. Masauki N9,000.

Mu mutanen Jos muna taƙama da sanyi. Na nan iri dabam ne, busasshe mai ƙura, leɓe ya tsage kafin ka gama sallama.

Juma'a, 10 ga Janairu

Dagona. Wurin yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, don haka sai da na biya kuɗin shiga aka haɗa ni da ma'aikaci. Tafki ne lanƙwasasshe kamar lauje, tsohuwar hanyar kogi da ruwa ya bari. Ma'aikacin ya tuna mini cewa marigayi Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya zo nan a 1989 saboda tsuntsayen nan.

Gani ya kori ji. Kirinjijiya ba a maganar ƙirge, idan suka tashi sai ka ji kamar ana kaɗa tabarmi dubu. Dinya manya-manya suna takawa kamar hakimai, dani mai ƙululu a baki, jinjimi, gargani garke-garke, da fintel masu doguwar jela da siririn wuya. Na bi su ɗaya-ɗaya da madubi har idona ya yi ruwa. Na kasa kunne. Gaɓa uku, gaɓa uku, gaɓa uku.

Na koma Gashuwa sallar Juma'a. Mota da kuɗin shiga da ɗan ihsani, N18,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Hazo ya sauko cikin dare. Da safe rana kamar farin faranti, kana kallonta ido da ido. Duk abin da ya wuce taku hamsin ya zama inuwa. Dogon gilashi a cikin hazo ba ya ƙara komai sai ƙura, don duk ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsu ita yake tattarowa. Na haƙura da ɗauka, na hau mota zuwa Nguru.

Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Ruwan daga kogin Haɗeja yake zuwa, wanda shi da na Jama'are suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 yanayin ambaliyar ya sauya, kuma abin da kowa ke kuka da shi a bakin ruwa yanzu kacalla ce. Ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin jirgi, ta cinye gonaki.

Na fara da gaisuwa wurin mai unguwa, shi ya haɗa ni da wani dattijo masunci, Bamange, Hausarsa tana da ɗan gishirin Barebari. Na fito da hotunana. Ya wuce balbela da zalɓe ko kallo bai yi ba. Da ya zo kan wijin ya tsaya, ya nisanta hoton daga idonsa.

"Wannan mai jan kan. Tana zuwa, amma ba kowace shekara nake ganinta ba, kuma ba ta yawa. Ina ka neme ta?"

Na lissafa masa. Ramukan Jos, Panyam, tsakiyar tafkin Dagona.

Ya girgiza kai. "Ɗana, ka tafi neman akuya a cikin rijiya. Wannan kiwo take yi. Inda ruwa ya janye sabuwar ciyawa ta tsiro, nan take fitowa ta yi ta tsinka."

Wallahi na karanta wannan tun Nuwamba, cewa wijin ciyawa take ci a tudu kamar dinya, shi ya sa bakinta gajere ne mai ƙarfi. Na karanta na wuce, na ci gaba da leƙen tsakiyar ruwa wata biyu, saboda a kaina agwagwa ta ruwa ce. Dattijon Sabon Gidan Kanar ma abin da ya gaya mini ke nan da nasa kalmomin.

Mun yi ciniki, N15,000 kwana biyu.

Lahadi, 12 ga Janairu

Mun shiga kwale-kwale da duhu-duhu. Baba yana tuƙi da gora ta wata siririyar hanya da masunta suka sare a cikin kacalla, ganye yana marin fuskata. Ya hana ni sa ƙafa a ruwa, ya ce tsargiya. Kusan awa ɗaya sannan muka ɓulla wata fadama shimfiɗaɗɗiya, ruwa iya idon sawu, bakinta kore shar da gajeriyar ciyawa.

Hazo ya ɗan ragu. Fintel sun fi ɗari, gargani a tsakaninsu, kirinjijiya can gefe suna ta surutu. Baba ya kafe gorar muka yi tsit.

Sai na ji shi. Wiii-yu. Sau ɗaya, tsaf, daga hannun hagu. Tsigar jikina ta tashi. Ya sake.

Abin da na yi bayan nan ba na son rubutawa, amma don shi aka buɗe kundin. Na miƙe tsaye. A cikin kwale-kwale, da gilashi mai kilo biyu a hannu. Jirgin ya karkata, Baba ya yi salati ya danne ɗaya gefen, ni na faɗi zaune na rungume kyamara a ƙirji, ƙaramar jakata kuwa ta yi tsalle ta faɗa ruwa. Fadamar gaba ɗaya ta tashi. Na ɗaga kyamara na danna ba tare da na ga komai ba.

Baba ya tsamo jakar da gora. Batir na biyu yana ciki, da burodinmu. Bai ce mini komai ba har muka yi nisa, sannan ya ce, "Mai farauta da bindiga ma ba ya tashi tsaye, balle kai da ba ka da abin harbi."

Da dare na duba. A cikin hoto tara na tashin, ɗaya yana da tsuntsu a can kusurwa, dishi-dishi, da babban farin tabo a saman fiffike da farin ciki da jela mai tsini. Shi ne. Ba hoton nunawa ba ne, amma shi ne.

Da la'asar mun koma ba kyamara. Muka kafa 'yar bukka da zana biyu da kacalla a kan wani tudu, kimanin taku talatin daga inda ciyawar ta fi laushi. Baba ya nuna mini kashinsu a ƙasa, kore, da inda aka tsinke kan ciyawa kamar an bi da almakashi.

Litinin, 13 ga Janairu

Batir ɗaya, na kwana da shi a aljihu don sanyi yana shanye shi. Baba ya sauke ni a bukka kafin biyar da rabi, ya ja jirgi ya ɓace cikin kacalla. Na yi sallar asuba a ciki. Na huda zana na zura bakin gilashi, na kashe allon kyamara, na zauna.

Sauro na hunturu ma akwai shi, ga wanda bai sani ba.

Shida da rabi fintel suka fara sauka. Bakwai, gargani. Ƙafata ta dama ta mutu, na kasa gyara ta don zanar tana ƙara. Bakwai da kusan rabi, ban ji fito ba, ban ga saukarsu ba, kawai na duba ta hudar sai ga su a bakin ruwa, su biyar. Toro biyu cikakku, mata biyu, da wani na biyar mai jan kai amma babu farin fiffike, wanda daga baya aka tabbatar mini saurayi ne ɗan shekarar farko.

Suka fito tudu a jere, kai a ƙasa. Ba su da girma, ba su kai agwagwar gida ba ko kusa. Tafiya suke suna tsinka, taku ɗaya tsinka uku, da sauri kamar masu jin za a kore su. Suka matso har na fara jin ƙarar ciyawar tana tsinkewa, tsit-tsit-tsit. Kowane ɗan lokaci ɗaya zai ɗaga kai ya duba, sauran su ci gaba. Rana ta ɗan huda hazo, hasken ya zo ja-ja ta bayana, ya sauka a kan goshin babban toron. Man shanun nan da na gani a hoton Ingila, ga shi a gabana a ƙasar Yobe, da laka a ƙafarsa.

Na danna a hankali, ɗaya-ɗaya, don ƙarar kyamara a wurin kamar ana fasa gyaɗa take. Sau biyu ya tsaya ya kalli bukkar. Na ɗauke yatsa, na riƙe numfashi. Ya koma kiwo. Can ya miƙe wuya, ya buɗe baki, ya yi fiton, na ga maƙogwaronsa yana motsi. Wannan ban ɗauka ba, kallo na tsaya yi.

Takwas da minti arba'in wani yaro Bafulatani ya kawo shanu shan ruwa. Shi ke nan. Ya leƙo bukkar ya gan ni a ƙudundune, ya ce, "Sannu Baffa, lafiya?" Na ce lafiya lau, ya taimaka ya ja ni in tashi.

Hoto 212, batir saura layi ɗaya.

Talata, 14 ga Janairu

Hanya. Na iso gida tara na dare, yara sun yi barci.

Asabar, 18 ga Janairu

Na tace. Cikin 212, fiye da rabi hazo ya wanke su, kala ta mutu. Wajen arba'in saitin ya kama ciyawar gaba ya bar tsuntsun. Goma sha ɗaya sun yi dama-dama, uku sun yi kyau. Wanda ya fi duka, toron ya ɗago da ɗan ganye a baki, ido ya fito da ɗigon haske, amma wani karan ciyawa ya ratsa ta kan jelarsa. Zan iya goge shi cikin minti biyar, aikina ne, kullum ina goge ƙuraje a fuskar amare. Na bar shi.

Ɗalibin ya zo, ya daɗe a gaban kwamfuta bai yi magana ba, sannan ya tambayi ranar da wurin daidai. Ya nuna mini yadda zan shigar da su cikin manhajar da masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya suke amfani da ita, har da garganin Panyam da na raina.

Lissafi. Tafiya ta ci N189,000: hayar gilashi 48,000, mota zuwa da dawowa 43,000, masauki 45,000, Dagona 18,000, Baba 15,000, abinci 20,000. Na zarce abin da na ware da 39,000. Sabon batir 22,000. Ƙura ta shiga kyamarata da gilashin hayar, wankin duka biyu 15,000, don ba zan mayar wa mutum kayansa da yashin Nguru ba. Tun daga Nuwamba, jimla N447,500. Na nuna wa uwargida lissafin da hoton tare. Ta kalli wannan, ta kalli wancan, ta ce, "Agwagwar dai tana da kyau."

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na wanke babba ɗaya na sa a firam, yana shago sama da teburin karɓar kuɗi. Mutum uku sun tambaya ko a Turai na ɗauka. Na wanke wani na ba direban Gashuwa ya miƙa wa na Nguru ya kai wa Baba, jiya mai unguwa ya kira ya ce ya isa, wai Baba ya ce ciyawar wurin ta fara bushewa, sun matsa gaba wajen wata fadamar, amma shekaranjiya ya ji fiton.

Saura hoton tashi, da farin fiffiken a buɗe, da kuma gargani cikin sabon gashi. Zuwa Maris za su kama hanyar arewa. Akwai biki ranar 8 da ranar 15, don haka in Allah ya yarda 17 ga wata zan koma, kwana uku kawai, kai tsaye Nguru. Mai gilashi ya ce wannan karon N10,000 ne kullum. Zan sayi jakar leda mai zip ta batir, da kujerar zama 'yar ƙarama, da maganin sauro. Uwargida ta amince, da sharaɗin buhun shinkafar azumi ya shigo gida kafin in fita.